Jajibirin Taɓa Ƙasa

Innata, Dadong Rimpeg, in ta kafe sai dai a haƙura. Tunda Komang, matar ƙanena, ta haihu, tsohuwar nan ta rantse jaririn ba zai leƙa asibiti ba sai an yi bikin kwana ɗari da biyar, ranar da ƙafarsa za ta fara taɓa ƙasa. Mu a Bali ba a sauke jariri kafin ranar. Ita kuwa ta taɓa ganin an kwantar da ɗan wani a sikeli a daɓen asibiti, shi ke nan ta ƙullaci ma'aikatan asibiti.

Ungozoma Suartini ta zo gida sau biyu. Ta ce ɗigon farko na rigakafin gudawa yana da wa'adi, a wurinsu in jariri ya cika mako goma sha biyar ba sa bayarwa. Muka ƙirga a kalanda, ashe jajibirin biki ce rana ta ƙarshe. Komang sai hawaye. Ɗanta na fari gudawa ce ta ɗauke shi yana wata bakwai.

Raina ya gama ɓaci. Ran jajibiri ana tsakar saƙa ganyen kwakwa na hadaya, na yar da wuƙata.

Na ce, "Inna, tunda ba ki yarda da hannun kowa ba, ke za ki kai shi. Ki riƙe abinki, kar ki sauke."

Ta kira ni fitsararriya, amma ta ɗaura zani.

A asibiti Suartini ta ce sai an auna shi. Inna ta ƙanƙame yaro. Suartini ko a jikinta, ta ce to Inna ta hau sikelin manya da shi, sannan ta miƙa wa uwarsa ta sake hawa ita kaɗai, a cire. Inna ita kaɗai kilo tamanin da ɗaya! Matan layi suka fashe da dariya, wata ta ce ashe ita ke cinye agwagin hadaya. Inna ta yi zagi, amma ba ta sauka ba sai da aka rubuta.

A cinyarta aka ɗiga masa maganin, ya lashe tas. Tuni ta tsare Suartini da tambayar ranar ɗigo na biyu, wai kar wani sakarai ya sa a makara.

Komang ta soke katin rigakafin a rigarta, ta kama hannuna ta matse.

Ta ce, "Yaya, wannan ɗan da shi zan tsufa."