Ƙofar Baba Mai Guga

"Ku sauke ni," in ji Baba Mai Guga. "Na ce ku sauke ni!"

Mun riga mun kai shi bakin ƙofa, ni na tallafe kafaɗa ɗaya, mijina ɗaya, mai tasi yana jira a bakin lungu. Tarinsa ya fara fitowa da jini, amma tsohon nan ya ƙanƙame ƙyaure da hannu bibbiyu.

"Haba Baba, asibiti ne fa, ba lahira ba," na ce masa.

"'Yata, in na tafi kwaɗo za ku sa wa ɗakin. Kin manta mai kifi?"

Wa zai manta? Tun da aka shafa wa gidajenmu jan fenti muka gane yadda masu rusau ke aiki: ɗakin da suka tarar a kulle, shi katafila ke fara ci. Mai kifi ta je duba 'yarta da ta haihu, ta dawo ta tarar da fili, tukunyarta a lotse cikin ƙasa.

Mu kuwa bango ɗaya ne tsakaninmu da Baba, katako ɗaya ke ɗauke da rufinmu. In nasa ya faɗi, namu ya bi.

"Ni zan zauna maka," na ce.

"Ke da ƙofarki? Mutum ɗaya ba ya tsare ƙofa biyu. Ga yara."

Taurin kai kamar na jaki. Haka muka mai da shi kan tabarma.

Daga ranar, kullum da safe sai ya rarrafo ya hura gawayi a dutsen gugarsa, ya rataye rigunan mutane a igiya, don mai wucewa ya san da rai a ɗakin. Ina tsoron ƙarar katafila daga nesa, ina tsoron tarin da ke ratso bango. Wallahi ban san wanne ya fi tsinka min zuciya ba.

Wata safiya sai bangon ya yi shiru. Na leƙa, na same shi a jingine da buhun gawayi, ashana a hannu.

Maza suka ɗauke shi zuwa maƙabarta kafin rana ta yi tsaka. Ba su daɗe da fita ba ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin ƙafata. Ashe ƙanensa da ya zo jana'iza ya maƙala kwaɗo a ƙofar, bai san komai ba, baƙo ne. Na ɗauki taɓarya na fasa shi. Na zaunar da yara a ƙofarmu, na hura gawayin Baba da sauri har na ƙone.

Wani mai hular kwano daga cikin masu rusau ya tsaya a kaina.

"Ina mai ɗakin?"

"Ya ɗan fita."

"Yaushe zai dawo?"

Na shimfiɗa wata farar riga, na ɗora dutsen a kai. Mutumin ya dubi hayaƙin, ya dubi takalman Baba a bakin tabarma, ya daɗe yana dubana.

"Ba yau ba," ya ce wa direban katafila. Suka yi gaba.

Sai da ƙarar ta yi nisa na ji ƙauri. Na ɗaga dutsen: ya bar baƙin hotonsa a ƙirjin rigar. Na rataye ta haka nan a igiyar Baba, iska tana ɗan kaɗa hannuwanta.