Silifa a Ƙofar Inna Amna

Dutsen gugar yana da zafinsa lokacin da Madam Dalia ta manna shi a damtsen Ummi. Laifin bai kai a buɗe baki a faɗa ba: wani ɗan tabo ne a wuyan rigar maigidan, wanda ko mai rigar sai an nuna masa da yatsa zai gani. Ummi ta ji ƙaurin fatarta kafin ta ji zafin. Ta ƙwalla ƙara, Madam ta kwashe ta da mari don ta yi shiru, sannan ta zare wayar dutsen ta shiga tsula mata a baya har sai da hannunta ya gaji.

Shekara guda da wata biyu ke nan Ummi tana aikatau a wannan gida na Giza, gefen birnin Alƙahira, tun ranar da wani dillali mai suna Munzir ya tarbe ta a filin jirgi, ya karɓe fasfonta wai don kada ya ɓata, ya kawo ta ya danƙa. Ta sha mari, ta sha ranƙwashi. Madam har jan farce take ɗigawa a kan duk abin da Ummi ke taɓawa, kofinta da cokalinta da silifanta, don kada 'ya'yan gida su yi kuskuren amfani da su. Duk wannan ta haɗiye. Amma wuta, yau ce farau, kuma ta san wanda ya ƙona ka yau ya kwana lafiya, gobe ba damtse zai nema ba.

Wayar salular Madam ta yi ƙara a ɗaki, ta tafi ɗauka, ta bar makulli a jikin ƙofa. Ummi ta zura hijabi, ta saka silifanta, ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

Wuri ɗaya ta sani a duk faɗin Alƙahira. Wata biyu da suka wuce, tana biye da Madam da kaya niƙi-niƙi a kasuwar Ataba, ta ji wata tana waya da Hausa. Husaina ce, ɗaliba 'yar Zariya. Husaina ta dubi kumburarren leɓen Ummi, ba ta tambaye ta komai ba, ta matso kamar mai duba yadi ta raɗa mata: Ainu Shams, layin masu gyaran firji, gida mai koren ƙofa, hawa na huɗu, wurin Inna Amna mai dilka, kowace Alhamis. Yau kuwa Alhamis ce.

Wata tsohuwa ce ta yankar mata tikitin jirgin ƙasa na metro da ta ga hannun. Da ta sauka a Ainu Shams, wasu zauna-gari-banza da ke jingine da keken tuktuk suka bi ta da "Ya samara! Ya shokolata!" wato ke baƙa. Ɗayansu ya jefe ta da ɓarin bulo, ya same ta a dunduniya. Ba ta waiwaya ba, ta ci gaba da tafiya jini yana sa silifan santsi.

Inna Amna Bahaushiyar Sudan ce, jikar mahajjatan da suka yada zango a hanya ba su ƙara tashi ba. Yaƙi ya koro ta daga Omdurman da tukwanenta biyu da bakinta mai kaifi. Gidan nata ɗaki biyu ne da falo, amma ranar Alhamis sai ka rantse gidan biki ne. Masu kitso na yi, masu lalle na yi, ana tuƙa tuwo, ana gulmar masu gidan haya, mai kuka ta yi kukanta a ba ta shayi. A duk birnin, nan ne kaɗai baƙar mace za ta tuɓe mayafi ta miƙe ƙafa, babu mai kallonta ya yi dariya.

Azahar ta ɗan gota, mutane ba su gama taruwa ba. Inna ce kawai da Husaina da wata Fatu 'yar Maraɗi mai sarin kaya, wadda ke gaban murhu tana dafa halawa, narkakken sukarin nan da ake cire gashi da shi. Da Ummi ta yi sallama ta ɗaga hijabinta, suka ga ƙunar.

"Innalillahi," in ji Husaina. "Ke ce ta Ataba."

Inna ta taso ta kama Ummi. Ta zaunar da ita, ta jawo roba, ta dinga kwarara ruwan sanyi a kan ƙunar tana tsaki. Fatu ta tsuguna ta wanke dunduniyar. Ummi ta so ta yi bayani, Inna ta ce, "Halas, ya isa, 'yata. Hannun ya riga ya faɗa mana."

Ba a yi awa guda ba Fatu ta leƙa baranda za ta shanya tsumma, ta dawo da gudu. "Inna, ga Munzir can ƙasa, shi da wani ƙaton Bamisire!"

Da ɗan gari akan ci gari: Munzir shi ma Bahaushen Sudan ne, ya san duk gidan da 'yar aiki za ta nufa idan ta gudu, har tuwon Inna ya sha ci. Ƙaton kuwa ƙanin Madam ne, wanda kullum yana gidan a kan kujera yana ba da umarni.

"Tashi," in ji Inna. Ta ja ta banɗaki, inda kaskon turaren tsugunno, wanda mutanen Sudan ke kira duhan, yake hayaƙi a ƙarƙashin wata kujera mai rami. Ta zaunar da ita, ta lulluɓe ta da ƙaton bargo tun daga kai har ƙasa. "Ko kin ji ana yanka ni kada ki motsa. Namijin da ya san uwa ce ta haife shi ba ya ɗaga bargon mace a kan duhan. Munzir ya san haka."

Duhu ya rufe Ummi. Hayaƙin icen ya shiga ƙunar kamar ana barbaɗa barkono, ta cusa gefen hijabi a baki ta cije. Ta ji an buga ƙofa, ta ji muryar Munzir mai laushi kamar ta mutumin kirki.

"Inna, barka da rana. Wata yarinyata ce ta ɓata, mutanen gidansu sun damu."

"Allah ya bayyana ta. Nan mata ne tsirara, kitso muke da dilka. Yalla, sai an jima."

"Waye a banɗaki? Na ji ƙanshi."

"Matar aure ce a kan duhan. Za ka shiga ka gaishe ta ne?"

Munzir ya yi 'yar dariyar kunya. "Ma'alish, Inna. A yi haƙuri." Ummi ta ji takunsa ya juya, ta fara sauke numfashi a hankali. Sai ga muryar ƙanin Madam, da Larabci, yana cewa a tsaya, wannan silifan na gidan yayarsa ne, ga jan farcen nan a jiki.

Wayyo. Sabo turken wawa. Yarinyar da ta ratso gari da ƙonannen hannu, ta hawo bene huɗu tana ɗingishi, da ta iso ƙofar babba sai ta tsaya ta tuɓe takalmi ta jera su tsaf a waje, don tun tana rarrafe aka koya mata ba a shiga ɗakin mutane da takalmi. Ko a ranta ba ta san ta yi ba.

Ƙofar ta bugu da bango. Ummi ta ji Husaina ta yi ƙara, ta ji wani abu mai nauyi ya faɗi, kofuna sun tarwatse. Inna tana zagi da Hausa da Larabci a haɗe, tana ambaton uwar Munzir da sunanta. Sai aka yaye bargon. Haske da fuskar Munzir suka faɗo mata tare, idonsa jawur, kunyar ɗazu ta bi iska. Ya damƙi ƙonannen damtsen, daidai wurin, ya fizgo ta. Ƙarar da ta yi, ita kanta ba ta gane muryarta ba.

Ya jawo ta falo a ƙasa, gwiwoyinta na gurzar siminti. Inna ta tare ƙofa da muciya a hannu, ta sauke masa ita a gadon hanci, jini ya ɓalle. Ƙanin Madam ya kai wa tsohuwar naushi a baki, mace sa'ar uwarsa, ta tafi da baya ta bugu da bango ta zube. Husaina, wadda ko kaza ba ta taɓa yankawa ba, ta ɗare bayan ƙaton ta kafa masa haƙori a kunne. Ya wancakalar da ita, ya ɗaga ƙafa zai taka ta. A nan Fatu ta fito daga kicin da tukunyar halawa tana tafarfasa, ta sheƙa masa a hannu da wuya. Sukari kuwa ba ruwa ba ne da za a karkaɗe, inda ya sauka nan yake maƙalewa. Ƙaton ya yi wani irin kuka, ya fita yana buga kansa da bango.

Munzir bai saki ba. Ya naɗe gashin Ummi a hannu ya ja ta zuwa matattakala, kanta yana bugun kowane hawa. Ta riƙe ƙarfen benen da hannu biyu, ya sa takalmi ya murje yatsun. Ta ji ƙarfinta yana ƙarewa, ta ga kicin ɗin Giza a idonta, ta ga dutsen guga.

Daga sama Inna ta rarrafo bakin ƙofa, bakinta fal jini, ta rangaɗa guɗa. Ba guɗar biki ba ce, doguwa ce mai tsaga kunne, kuma kowace mace a ginin ta san ma'anarta. Ƙofofi suka shiga buɗewa. Matan Juba na hawa na uku suka fito da tsintsiya da kujerar roba. 'Yan Asmara biyu suka fito da sandar goge ɗaki. Masu zuwa kitso su biyar, da ke hawowa da ledojin cefane, suka toshe hanyar ƙasa. Babu wadda ta tsaya tambayar abin da ya faru, sun ga namiji riƙe da gashin mace, ya wadatar.

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sun yi masa dukan kawo wuƙa. Aka fasa masa kujera a ka, aka yaga jallabiyarsa har cibiya, wata ta ɓanɓare yatsunsa daga gashin ɗaya bayan ɗaya har ɗaya ya yi ƙas. Da ya samu kafa ya gangara benen, rabi da ƙafa rabi da baya, yana rantsuwar zai dawo da hukuma. Wata 'yar Juba ta leƙa ta ce ya dawo ɗin, kowa ta ɗauki hoton hannun yarinyar, sai a nuna musu tare.

Aka kwaso Ummi aka shimfiɗe a tabarma. Falon ya zama kufai: ƙofa ta karye, halawa ta daskare a ƙasa, Husaina na riƙe da haƙarƙari tana nishi. Inna na jingine da bango, ta tofar da haƙori a tafin hannu, ta duba shi, ta ajiye a gefen faranti. Ummi ta kalli ɓarnar nan, kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Ta yunƙura za ta tashi.

"Inna, ki yafe min. Ni na jawo muku. Bari in tafi kafin su dawo."

"Ki tafi gidan uban wa?" in ji Inna, maganar na fita a karkace. "Zauna, dalla. Fatu, ɗauko min ƙanƙara." Ta juyo ta ƙare wa Ummi kallo da idonta ɗaya da bai kumbura ba. "Ke 'yar nan, wai ma ya sunanki?"

Ummi ta buɗe baki, sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko da dutse yana kan fatarta. Tunda ta sauka ƙasar nan ba wanda ya yi mata wannan tambayar. Babu mai gaggauta ta.

"Ummi," ta ce da ƙyar.

"To, Ummi, matso ki riƙe min ƙanƙarar nan a baki."