Gudumar Bahago

"Riƙe da kyau mana, Troels! Hannunka na rawa kamar ba ka karya ba."

Ina danne da guduma a jikin allon katako, maƙwabcina Ejnar yana zagaye ta da farin fenti. Nasa hannun ne yake rawa, ba nawa ba. Shekara talatin garejinsa kamar juji, sai ga shi cikin wata guda ya kafa allo a bango, ya jera ƙusoshi. Zarto, filaya, magagari, kowanne da gurbinsa da zanen siffarsa.

"Kai da kake bahago," na ce, "me ya sa ka juya ƙotar dama?"

"Wa ya ce maka don ni nake yi?"

Maganar ba ta yi mini daɗi ba. Na san damuwarsa. Idon matarsa Bodil ya kusa tafiya, sau biyu tana faɗuwa a matakalar ƙofar gida. 'Yarsu Mette ta kira ma'aikaciyar gunduma ta zo ranar Juma'a ta duba gidan. In babu madafa a matakalar, gidan tsofaffi za a kai Bodil. Ejnar ya kafa sanduna, saura dogon katakon da ake dafawa.

Ya kulle garejin ya cusa mini makullin a aljihu.

"Shi ke nan guda ɗaya. Kullum ɓace mini yake yi. In ban ƙarasa ba, komai na kan allo. Ko kai ba za ka ɓata ba."

"Ni ɗin da ko ƙusa ban iya bugawa ba?"

"Shi ya sa na yi maka zane, kamar ɗan makaranta."

Ranar Litinin da safe na ɗaga labule na ga tutar gidansu an sauke ta rabi, alamar an yi rasuwa. A kujerar kicin Ejnar ya cika, kofinsa ko hucewa bai yi ba.

Ba zan ɓoye ba, tsoro ya hana ni shiga garejin nan. Talata na ce gobe. Laraba ma haka. Makullin na aljihuna, ina jin sanyinsa a cinya.

Alhamis da la'asar, Mette ta tafi wurin fasto kan maganar jana'iza, sai na ji bugu ta bayan shingen da ya raba mu. Uku a jere, shiru, sannan ɗaya mai ƙarfi. Shekara talatin ina jin wannan bugun na Ejnar, ina tsaki a kansa ranar Lahadi. Na ce wa kaina Mette ce ta kira kafinta. Na leƙa titi, babu motar kowa. Na rufe taga, na ƙure rediyo.

Juma'a na fita da kunya, da niyyar in roƙi a ƙara mana mako guda. Na tarar da ma'aikaciyar ta riga ni, riƙe da takardunta, tana jijjiga madafar. An ɗora katakon, an goge shi sumul. Ko motsi bai yi ba.

"Aiki mai kyau," ta ce. "Wa ya yi?"

Bodil na tsaye a sama, tafinta a kan katakon. "Ejnar ne, jiya da..."

Mette ta dubi ma'aikaciyar. Na ga matar ta buɗe biro, kamar za ta rubuta cewa hankalin Bodil ya fara gushewa.

"Ni ne," na ce da sauri. "Da kayan Ejnar take nufi. Ni na ƙarasa jiya."

"Kai, Troels?" Mette ta ce. "Kai da Baba ke canza wa ƙwan fitila?"

"Ai zane ya bar mini."

Bodil ta juyo da fararen idanunta wajen muryata.

"Haka ne," ta ce. "Troels ne. Tsufa ke ruɗa ni da suna."

Ta sauko matakalar ita kaɗai, ta koma sama, ba wanda ya riƙe ta. Ma'aikaciyar ta rubuta cewa za ta iya zama a gidanta, a riƙa aiko mata mai taimako da safe.

Da suka shiga shan kofi na zagaya gareji. Kwaɗon na rufe yadda Ejnar ya bar shi. Na buɗe na shiga.

Komai na gurbinsa, cikin farin layi daidai. A ƙasa akwai ɗan garin katako sabo, an share shi an tara a kusurwa. Guduma ce kawai ta fita daga zanenta. Tana rataye a ƙusoshinta, ƙotar tana kallon hagu.