Ranar Da Aka Ari Ajina

Ina durƙushe a bakin ƙofar makaranta ina jera takalman mata, sai na ji yarana sun ɗauki waƙar da na koya musu. Ba ni ce a gabansu ba. Kelsey ce, abokiyar aikina Ba'amurkiya.

Yau ce ranar da iyaye mata suke zuwa su zauna a bayan aji su ga abin da 'ya'yansu suka koya. Mai makarantar, Madam Yun, takan ba malamar da suka yaba ajin manya a shekara mai zuwa. Ajin nan nake so, kuma na yi masa aiki.

Jiya da yamma ta kira ni ofis.

"Malama Refilwe, gobe Kelsey za ta riƙe ajinki."

"Me na yi, Shugaba?"

"Ba ki yi komai ba. Kin san iyaye, Turancin Amurka suke son ji."

"Daga bakina yaran nan suka koya. Da aka ba ni su ko gaisuwa ba su iya ba."

"Ai shi ya sa muke alfahari da ke." Ta gyara min wuyan riga kamar 'yarta. "Ki tarbi baƙi a ƙofa. Kuma kar ki yi musu yarenmu na Koriya, za su ce kina sangarta yara da shi."

Da digirin koyarwa na baro Afirka ta Kudu. Kelsey kuwa kofi take sayarwa a garinsu kafin ta zo nan birnin Daegu na Koriya ta Kudu. Amma tana da gashi kamar gemun masara, da idanu masu launin ruwa. Ni duk Asabar ina zaune a ajin kyauta tare da ma'aikatan masana'anta, muna lanƙwasa harshe da Koriyanci, malamarmu tana dariyar mu. A bas nakan haɗa baƙaƙen allunan shaguna ɗaya bayan ɗaya, kafin na gama kalma an wuce shagon. Kelsey ko kuɗin tuffa ba ta iya tambaya. Ba ta buƙata. Masu shago da kansu suke lalubo mata Turanci.

* * *

Da safe Kelsey ta tare ni wajen tulun shayi.

"Fifi, ki cece ni. Wane ne Tae-o a cikin yaran?"

"Sunana Refilwe."

"Haba ƙawata, yau ma faɗa? Wallahi ba ni na roƙa ba."

Na san ba ita ta roƙa ba. Abin da ya fi ci min rai ke nan, komai yana zuwar mata ba tare da ta miƙa hannu ba.

"Mai tabarau," na ce. Ban gaya mata cewa yakan daskare in an zuba masa ido ba.

Maman Tae-o ce ta zo a makare, ruwa na ɗiga daga lemarta. Na miƙe, na rusuna daidai yadda aka koya min, na karya dokar Madam Yun. Da Koriyancina mai ɗingishi na ce, "Barka da zuwa. Ni ce malamar Tae-o."

"Kai, kin iya magana!" ta ce, tana murmushi. Sai ta miƙo min lemar, ta zura silifas, ta wuce.

Na bi ta har ƙofar ajin, na tsaya a bayan gilashi, lemar na jiƙa min siket. Kelsey tana juyi a gaban allona, iyaye sun ɗaga wayoyi. Da aka zo kan Tae-o ya miƙe, ya buɗe baki, shiru. Kelsey ta yi ta kaɗa masa kai, fuskarta ta yi ja. Wani daɗi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Na ce a raina, to, gashin nata ya ba shi amsa mana.

Sai yaron ya juyo. Bai nemi uwarsa ba, ni ya nemo ta cikin gilashi. Na daɗe ina kallon sa, fiye da yadda ya kamata. Sannan na motsa baki da kalmar farko. Ya kama, ya zubo sauran tiryan-tiryan har ƙarshe.

Ɗakin ya ɗauki tafi. Kelsey ta dafa ƙirji ta ce "na gode" da Koriyancin da ko kare ba zai amsa ba. Matan suka yi shewa kamar ta rera waƙa.

* * *

Kelsey aka ba ajin manya. Ni aka sabunta min kwantiragi, aka mayar da ni wurin sabbin shiga.

"Ke kin iya fara su," in ji Madam Yun.

Ban sunkuyar da kai ba. Na sa hannu, na fita.

Ranar Litinin na sauko daga bas na tarar an rataya ƙaton ƙyalle mai hoto a jikin benen makarantar. Kelsey ce a tsakiya, yarana kewaye da ita, Tae-o a kan cinyarta. A ƙasa akwai rubutu da jan fenti. Na tsaya a gefen titi ina haɗa baƙaƙen, leɓena na motsi.

"Malamar da ta buɗe bakin 'ya'yanmu."

Ita ce jimla ta farko da na karanta har ƙarshe ban buɗe ƙamus ba.