Muryar Zabuwa

Daren jiya, kaina na taɓa matashi ke nan sai na faɗa wani mafarki.

Amma bari in fara faɗin ko ni wane ne. Sunana Tanimu, sana'ata fassarar fina-finai. A kawo fim na wata ƙasa, in shiga ɗaki in ɗora masa murya da Hausa. Na yi muryar sarakuna, na yi ta 'yan fashi, na taɓa yin ta jirgin ruwa ma. Makon nan aka kawo mini wani fim na yara da aka ciro daga gem ɗin waya, labarin wata zabuwa mai gudu tana tsallake rijiyoyi. Ni ban taɓa buga gem ɗin ba. 'Yata Ladidi, mai shekara tara, ita ce gwanarsa a gidanmu. Da ta ji ni zan yi muryar zabuwar ba ta yi murna ba. Cewa ta yi, "Baba, don Allah kar ka ɓata ta."

To, a mafarkin sai ga ni a wani gari ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake tasowa ya tafi sama, saboda haka kowa ya juya lemarsa ya tsaya a cikinta. Ni ba ni da lema, ruwa ya shiga ta ƙafar wandona ya fita ta wuyan riga. Na tambayi wata mata inda ofishin masu fim yake.

Ta ce, "Ai ka wuce shi tun gobe."

Na yi mata godiya na juya.

Awaki ne ke riƙe da ofishin. Sakatariyar, wata jar akuya mai fara'a, ta ba ni takarda in cike. Na cike, ta cinye, ta ce an karɓa. Sannan ta shigar da ni wurin darakta, wani bunsuru mai gemu da tabarau.

Ya ce, "Kai ne muryar?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ina ka baro sauran jikinka?"

"Da shi na zo."

"To, madalla. Sai mu yi amfani da shi, don zabuwar ta tafi ƙauye ganin gida."

Nan take aka lilliƙa mini gashin zabo har wuya. Darakta ya karanta mini aikina: in yi gudu, in tsallake rijiya shida, in faɗa ta bakwai, yara su yi kuka, su ɗauki darasi, a watse.

Na ce, "Wane darasi?"

Ya ce, "Sai sun ɗauka za mu sanar."

Na ce ni dai na ji 'yata tana cewa in zabuwar ta faɗa rijiya, dawowa take yi a sake daga farko. Ya leƙo ni ta saman tabarau.

"Wancan gem ne, Malam. Mu fim muke yi. A fim sau ɗaya ake faɗawa."

Sai ga ni a cikin allon silima, ina hango 'yan kallo. Yara ne cike da zaure, sun fi ɗari biyar. An karɓe musu wayoyi a bakin ƙofa, amma manyan yatsunsu ba su sani ba, sai danne-danne suke yi a iska. A layi na uku na ga Ladidi da hijabinta na makaranta, riƙe da ledar gugguru da ke komawa masara ɗaya bayan ɗaya. Ba ta murmushi.

Aka kaɗa ƙararrawa, na zura da gudu. Da na doshi rijiya ta farko na gyara murya irin wadda nake yi wa sarakuna, na ce, "Ni ce zabuwa 'yar gidan gudu, wadda ƙasa ke tsoron sawunta!"

Ladidi ta miƙe.

"Baba, ba ta magana."

Na tsaya da ƙafa ɗaya a bakin rijiyar. "To me take yi?"

"Ƙit take cewa in ta yi tsalle. Shi ke nan."

Shekara ashirin ina wannan sana'a, ba a taɓa rage ni zuwa kalma ɗaya ba. Na haɗiye sauran jawabin, na daka tsalle, na ce, "Ƙit." Yara suka ɓarke da tafi. Ladidi ta zauna.

Rijiya ta biyu da ta uku ba labari. A cikin ta huɗu akwai wani mai shayi, muka gaisa ina sama, ya tambayi iyali. Ta biyar cike take da taurari. A ta shida gwiwata ta hagu ta tuna mini cewa na haura hamsin.

Ta bakwai kuwa, faɗinta ya kai daga Kano zuwa Wudil. Ba a ganin gindinta. Darakta na gefe a kan kujera yana tuƙa irin ta awaki, ya ɗaga kofato ya ce, "Bismillah, faɗa."

Na dubi Ladidi. Kuka take yi, hawayen na tashi sama suna taruwa a silin.

Ta ce, "Baba, in ka faɗa ba za ka dawo ba. An rubuta a bayan tikiti."

A nan tsoro ya kama ni na gaske. Ba zurfin rijiyar nake tunani ba. Tunanina wa zai mayar da yarinyar nan gida, ga shi ba ta san wace mota ake shiga ba.

Na ce, "Ke a gem yaya kike yi a nan?"

"Ba da kanta take tsalle ba. Jira take in danna."

"Ai ba ki da waya."

"Miƙo hannunka."

Na zura fiffikena waje ta jikin allon. Ta sauko daga layinta, ta kama, ta lalubo tafin hannuna a ƙarƙashin gashin, ta ɗora babban yatsanta. Hannunta ya yi sanyi.

"Kar ka yi wayo, Baba. Kar ka riga ni. Sai na danna sau biyu za ka tashi."

Tun da aka haife ta ni ke riƙe hannun nan in za mu tsallaka titi, ni ke cewa tsaya, ni ke cewa taho. Na ce, "To."

Darakta ya miƙe. "Wannan ba ya cikin takarda!"

Sakatariya ta ce, "Ranka ya daɗe, takardar ma tun ɗazu na ajiye ta a ciki."

Na ja da baya, na taho a guje. Bakin rijiyar ya matso, ƙafata na son tashi, na hana ta. Saura taku uku. Saura biyu. Na ji danna ɗaya. Yatsun ƙafata sun riga sun leƙa rami sannan na ji ta biyu.

Na tashi. Na ma manta ban ce ƙit ba, yara ɗari biyar suka faɗa mini. Ruwan da ke tasowa daga rijiyar ya tallafe ni ta ciki. Na wuce rabi, na fara hango ɗaya gefen, har da wata bishiyar mangwaro, Ladidi na ihu, "Ɗaga ƙafa, Baba! Ɗaga ƙafa!" Na ɗaga. Gefen ya matso, ya matso, sai na fara jin wani sauti, shar, shar, shar.

Tsintsiya ce. Matata Uwale ce ke sharar ɗaki, rana ta shigo ta taga har kan gado.

Ta ce, "Malam, tun ɗazu ƙafarka ɗaya take a sama. In ka gama da ita ka sauke, ka tashi in kakkaɓe shimfiɗa."

Na ce, "Uwale, na tsallake?"

Ta ci gaba da shararta.

"Asuba dai ka tsallake."