Sa Hannun Baba

Duk wanda ya taɓa neman kwangilar gwamnati a harkar muhalli ya san ba kamfani ake aunawa ba, mutum ɗaya ake aunawa. A cikin sharuɗɗan akwai inda ake cewa a kawo babban masani wanda ya daɗe a aikin, kuma kusan rabin makin a kansa yake. In kana da shi ka shiga sahu. In ba ka da shi, sai dai ka je ka sha shayin taro ka dawo.

Injiniya tana da irin wannan mutum, mahaifinta ne. Shi ya kafa kamfanin, ɗakuna uku a saman shagon masu gyaran firiji, inda ake gwada ƙasa da ruwa kafin a yi gini. A fagen aiki Dakta ake ce masa, kuma an san shi da taurin kai: in ya ce ƙasar nan ba ta ginuwa, ko wa ka turo masa ba zai sa hannu ba. Wannan halin ya ja musu asarar ayyuka da yawa, amma shi ne ya sa sunansa ya yi tsada.

Sai dai Baba ya fara mantuwa. Da farko makulli ne da sunayen jikoki. Daga baya Mama ta riƙa tarar da gorunan ruwan sha a firiji, kowace an manna mata takarda da kyakkyawan rubutunsa, an sa kwanan watan shekarun da suka shuɗe, wai samfur ne, kada kowa ya taɓa. Iyalin suka rufe maganar. A ofis aka ce Dakta yana hutawa, Injiniya ta karɓi kujerar, aiki kuma ya ƙafe. Masu ɗiban samfur suka koma kallon waya daga safe har la'asar.

Ana haka sai wata ma'aikatar gwamnati ta fitar da sanarwa. Akwai filin wata tsohuwar masana'antar batir da aka daɗe da rufewa, ana so a gina gidajen masu ƙaramin ƙarfi a kai, ana neman kamfanin da zai binciki ƙasar da ruwan ƙarƙashinta, ya kuma tsara yadda za a tsabtace su. Akanta ne ya shigo da maganar. Tsohon ma'aikacin kamfanin ne, shi ya riƙa kai Injiniya makaranta tana ƙarama, don haka ba ya jin nauyin gaya mata magana.

"Suna kawai za mu sa," in ji shi. "Aikin ai ke za ki yi, kuma kin iya."

"Kawu, mutumin nan jiya sau uku yana tambayata ko na gama jami'a."

"To kin gama ko ba ki gama ba? 'Yata, in wannan ya wuce mu, sai dai mu ba masu firiji ɗakunan su yi sito."

Ta yi kwanaki tana juya abin. Ta gaya wa kanta cewa ba ƙarya za ta yi ba, duk abin da za ta rubuta a kan Baba ya yi shi da hannunsa. Mutum in yana son abu, ba ya rasa hujja mai tsabta. Ta sa sunan.

Da suka tsallake zagayen farko sai aka aiko cewa kwamitin tantancewa yana son ganin babban masanin kowane kamfani ido da ido. Ranar Mama ta ƙi kallonta.

"Mun ɓoye shi daga maƙwabta, ke za ki kai shi gaban hukuma?"

"Mama, minti kaɗan ne. Ni zan yi yawancin maganar."

"Ubanki ne. Ki yi yadda kika ga dama, amma in aka yi masa dariya, kada ki zo ki ba ni labari."

Injiniya ta zauna da shi kullum da hantsi, lokacin da kansa ya fi washewa, tana nuna masa taswirar filin. Ta ɗauke shi a mota suka zagaya wurin, ya ga katangar da ta rushe, da kwatamin da ciyawa ta ƙi fitowa a gefensa, da yara suna ƙwallo a kan baƙar ƙasa. Ya tsuguna ya murza ƙasar a yatsunsa ya sansana, ya girgiza kai. Kafin su iso gida ya manta sun fita.

Ɗakin tantancewar dogo ne, da tebur mai santsi da na'urar sanyaya ɗaki mai tari. Mutum biyar ne a kwamitin, Daraktan ma'aikatar a tsakiya, wani mai sanyin murya da ba ya ɗaga ido sai ya gama rubutu. Baba ya shigo cikin kwat ɗinsa da ta yi masa yawa a kafaɗa, duk suka miƙe, don wasunsu ɗalibansa ne.

Wata mata a kwamitin ta tambaye shi yadda dalma, gubar da ke cikin batir, take tafiya a ƙasa mai yumɓu. Injiniya ta buɗe baki za ta tare, sai ta ji muryar Baba ta dā ta dawo. Ya yi bayanin inda za a haƙa ramukan gwaji, da dalilin da ya sa ba a yarda da samfurin rani kaɗai, da yadda gubar take kwanciya shiru har sai an fasa ƙasar da harsashin gini. Ya ce yaro ne yake fara biya, tun kafin kowa ya ga alama. Hawaye ya cika idon Injiniya, don ta yi kewar wannan mutumin ƙwarai.

Sai Darakta ya ajiye biro.

"Dakta, yaushe rabonka da wurin?"

Baba ya dubi bakin 'yarsa, bai sami komai a can ba.

"Ai jiya ma ina can," ya ce. "Na gaya wa manajansu hayaƙin nan ya yi yawa. Ma'aikata suna fitowa da tari."

Masana'antar ta rufe tun Injiniya tana firamare. Wani ya sunkuyar da kai, matar ta hau jujjuya takardunta. Darakta ya yi 'yar dariya, ya ce Dakta dai har yanzu bai bar barkwanci ba, sauran suka samu mafaka suka taya shi. Injiniya ta kama hannun Baba suka fito. Ta san sun faɗi, abin da ya rage mata shi ne fatan kada labarin ya zaga gari.

Amma sai aka ce su ne suka ci. Akanta ya rungumi direba, masu ɗiban samfur suka fito da akwatunan kayan aiki suna kakkaɓe ƙura, masu firiji suka hawo suna taya murna ba tare da sun san ta mece ce ba. Baba kuwa da aka gaya masa, ya sa aka goge masa takalma. Kullum ya tashi sai ya shirya tsaf ya zauna a falo yana jiran mota, yana cin abinci sosai, har Mama ta fara sassautowa.

Ranar taron fara aiki Darakta ya ce Dakta ya huta a kujerar baranda tare da sakatarensa, shi yana son ganin Injiniya. Ya zuba mata shayi da kansa.

"Kuɗin gidajen nan rance ne," ya ce. "Masu rancen ba sa karɓar rahoton muhalli sai da sunan da suka yarda da shi. Sunan mahaifinki kuwa ko ina aka kai shi, ba a tambaya."

"Ranka ya daɗe, na je filin. Ina zargin dalmar ta kai ruwa. In haka ne sai an kwashe ƙasar kafin a sa tubali ɗaya."

"Babu kuɗin kwashe ƙasa, babu lokacinsa. Ki yi gwajinki, ki rubuta abin da kika gani, ba zan hana ki ba. Mu ma muna da masu rubutu. Sa hannun dai ba naki ba ne."

Sai yanzu ta gane abin da ake gaya mata. Ta ajiye kofin.

"Ba zai sa hannu a kan ƙarya ba."

"Dā kenan." Bai faɗe shi da mugunta ba, abin da ya fi ƙona mata rai kenan. "Nawa mahaifin haka ya yi kafin ya rasu. Tun da naki ya shigo na gane, daga yadda yake duban bakinki kafin ya amsa gaisuwa. Sauran kamfanonin masanansu lafiyarsu lau, za su ba ni wahala."

"To zan canza shi. Zan kawo wani."

"Kin karanta sharuɗɗan. Ba a canza babban masani sai da shaidar likita, likita kuma zai faɗi tun yaushe ciwon ya fara. Daga nan magana ta koma yaudarar hukuma. A soke kamfanin, a buga a jarida, a tono duk rahoton da ya sa wa hannu a 'yan shekarun nan a ce na mai ruɗewa ne. Ni ban so masa haka. Ke fa?"

Ta miƙe tsaye. Ba wanda ya sato mata uba, ita ta goge masa kwat ta kawo shi da ƙafarta, kuma ta san haka. Darakta ya raka ta har bakin ƙofa, ya ce ta gaishe da Mama.

A baranda ta tarar da Baba zaune ya miƙe baya, fuskarsa fes, sakataren yana tsugune a gabansa da wani fayil a buɗe a kan gwiwarsa. Takardar halartar taro ce kawai, ba wani abu ba. Amma ta ga yadda aka yi. Sakataren ya ɗora yatsa a ƙasan shafin, Baba bai dubi ko layi ɗaya na sama ba, ya zana sunansa a hankali, da dogon jan nan na ƙarshe da kowa ya sani. Ya riƙe biron bai mayar ba.

"Kin gani, har yanzu ana nemana," ya ce da ita, cike da murna. Sannan ya juya ga sakataren. "Akwai wata? Kawo, ɗana, tun ina zaune."