Ƙi-Faɗi da Ɗan Mai Diga

Duk wanda ya san Baba Ƙi-Faɗi ya san ba a banza ya samu sunan ba. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa cikin haƙar rijiya, har wata rana ƙasa ta rufta masa, aka yi ta tono, masu tonon suka gaji suka fara shawarar wanda zai kai wa iyalinsa labari. Sai ga hannu ya ɓullo daga cikin yashi yana neman a ba shi ruwa. Irin waɗannan mazan an daina yin su. Bai taɓa zama a aji ba, bai kuma taɓa jin ya rasa wani abu ba, don a faɗarsa ƙasa da kanta ta gwada shi ta tofar.

Abin da ƙasa ta kasa, gwiwoyi suka yi. Da rana gida ba kowa, don haka jikarsa take tafiya da shi shagon wanki da guga inda take aiki, ta zaunar da shi a kujerar roba can lungu, tsakanin injin busar da kaya da layin rigunan da ke rataye cikin leda. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran ta da komai ba sai Uwata. Ita kuwa Tsoho take ce masa, in ya ishe ta da labarin rijiya ta ce Tsohon Rami.

Lungun ya yi masa. Akwai ɗumi, ga ƙamshin sabulu, ga gunjin inji mai sa ido ya yi nauyi. In tururin dutsen guga ya tashi ya cika shagon, rigunan nan sai su riƙa kaɗawa a hankali kamar mutanen da suka ajiye kawunansu a gida suka zo bin layi. Wani lokaci har gaishe su yake yi.

A nan ya fara ganin wasan da Uwata ke yi a waya lokacin hutu. Ta yi masa bayani ya fi a ƙirga. Mutum takwas ne, kowa yana can wata duniya da tasa wayar. Ka sayi mayaƙa da zinaren wasa, ka jera su a fili, su yi faɗan da kansu, kai naka ido. In aka ci ka, jan layin jininka ya ragu, in ya ƙare an fitar da kai. Duk wannan ya gane. Abin da ya ƙi shiga kansa shi ne dabararta: da gangan take bari a yi ta cin ta a farko. Ta ce wanda ake ci a jere, wasan yana ƙara masa zinare kamar na jaje, kuma zinaren da ba a taɓa ba, haihuwa yake yi. Sai kowa ya ƙarar da nasa a kan ƙananan mayaƙa, ita ta tashi ta sayi manya. Amma in tsautsayi ya sa ta ci zagaye ɗaya a tsakiya, jerin ya katse, jajen ya tsaya.

Tsoho ya ce wannan wasan matsorata ne, shi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa kwanciya don a taka shi ba. Ta ce ai ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ya ce ragon da ya cika ja da baya a rijiya yake ƙarewa, shi ya sha ciro su.

Ranar da abin ya faru, wata ƙungiyar 'yan wasa ce ke tace waɗanda za ta ɗauka. Huɗun da suka rage cikin takwas su ne za su shiga, sauran sai wata shekara. Uwata ta taɓa gwadawa ta faɗi, ta yi kwanaki ba ta ko son a yi mata magana. Wannan karon ta daidaita gwajin da lokacin hutunta. Sai ga motar otal ta iso da wuri da tulin zannuwan gado, ga kuma mai shagon da kanta, wadda suke kira Anti, mace mai ido kamar na shaho, da ta riga ta ce in ta ƙara ganin waya a hannun ma'aikaciya lokacin aiki, to ta ajiye dutsen guga ta kama hanya.

An riga an fara wasan. Uwata ta zo kamar mai neman hangar rataye riga, ta zura wayar a cinyar tsoho, ta yafa tawul a kai.

"Tsoho, amana ce. Kada ka taɓa komai. Ka bar shi ya faɗi."

Ya ɗaga bakin tawul ɗin ya leƙa. Mayaƙi ɗaya tak ta ajiye a filin, mafi arha a cikinsu: wani ɗan guntun mutum mai faɗin kafaɗa, da diga a hannu da 'yar fitila a goshi. Tsoho ya daɗe yana kallon sa. Ko riƙon digar ma daidai ne, hannu ɗaya can ƙasa, ɗaya kusa da ƙarfen. Wanda ya zana shi ya taɓa ganin mai haƙa.

Aka turo masa wasu karnuka biyu masu jan ido, suka yi kaca-kaca da shi. Allon ya yi duhu, ya dawo, ga ɗan mai diga a tsaye yana kakkaɓe ƙura. Aka turo maharba, bai ko kai gare su ba. Ya faɗi, ya tashi. Aka turo wani mai gatari. Jan layin yana ta raguwa, tulin zinare a ƙasa yana ta kumbura, shi kuwa ɗan bawan Allah ba mai tambayar sa ya jiki.

Injin yana ta gunji, tururi ya sauko ƙasa-ƙasa. Tsoho ya ji kujerar tana nutsewa da shi. Filin nan na cikin waya ya zagaye ya zama gindin rijiya, mai sanyi, mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sama ta koma ɗan ƙaramin faifai can nesa, muryar Anti da ta direban otal suna saukowa kamar ta cikin tulu. Sai dai wannan karon ba shi ne a ƙasa ba. Shi ne a bakin rami, igiya a hannunsa. Kuma a sana'arsu akwai doka ɗaya da ba a koya wa yaro da baki, da mari ake koya ta: wanda ke riƙe da igiya ba ya barin mutum a rami.

Bai taɓa zinaren ba, wannan ko a gaban alƙali zai rantse. Ya dai sha ganin yadda Uwata take jan abu da yatsa. Akwai wata hular ƙarfe da ke yashe a gefen allo ba mai amfani da ita, ya jawo ta ya ɗora wa ɗan mai diga. Sannan ya ja shi zuwa kusurwa, bayansa ya jingina da bango, yadda duk mai hankali zai tsaya in an taru masa.

Abin da tsoho bai sani ba, wanda aka haɗa su da shi a zagayen nan shi ma faɗuwar yake nema, wani kwaɗo mai busa sarewa kawai ya ajiye. Ɗan mai diga ya gyara hula, ya ɗaga diga, sau uku ya sauke ta. Kwaɗo ya zama hayaƙi. Allon ya yi haske kamar an buɗe taga, ɗan guntun nan ya ɗaga digarsa sama yana rawa. Tsoho ya ji wani daɗi ya ratsa shi har cikin gwiwoyin da suka daɗe ba su ji komai ba sai ciwo.

Da Uwata ta dawo ɗaukar hanga, ya ɗaga mata tawul yana murmushi har dasashi.

"Na ci miki, Uwata. Ɗan naki namiji ne, ku ne ba ku san darajarsa ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi allon, ta dubi hular ƙarfen, sannan ta dube shi irin kallon da mahaifiyarsa ke yi masa in ya fasa tulu. Ta ce ya katse mata jerin, jajen ya tafi. Ta ce abu ɗaya ta roƙe shi a duniya, ya zauna kamar yadda yake zama kullum. Ya buɗe baki zai kawo zancen igiya, ta riga ta ɗauki wayar ta shige bayan rigunan.

Daga nan haka ta riƙa yi, ta fakaici idon Anti, ta shige bayan riguna, yatsunta su yi ta rawa a allo, ta ajiye masa ta koma ga zannuwa. Filin ya cika da manyan mayaƙa masu sulke da fukafukai, ɗan mai diga yana can bayansu kamar almajirin maƙeri a taron sarakuna, ba wanda ya kore shi. Aka fitar da mutum ɗaya, aka fitar da na biyu, aka fitar da na uku. Saura biyar. Jinin Uwata ya koma kamar zaren ɗinki. In aka ƙara cin ta sau ɗaya, shi ke nan.

Sai ga abin da take jira tun farko ya fito a layin sayarwa, wani dodon dutse mai gansakuka a kafaɗa. Ta danna, ya ƙi. Zinaren bai kai ba, kuma abin da ya rage ɗin bai wuce jajen da aka katse mata ba. Daidai nan Anti ta kira ta ta zo ta kama mata bakin zanin gado, aikin da ba ya yiwuwa da hannu ɗaya. Uwata ta sunkuya ta sa masa wayar a hannu.

"Ka ja ɗan mai digar ka kai shi ƙasa, wajen sayarwa. Kuɗinsa zai cike. Sai ka danna dodon, zai hau wurinsa da kansa. Kaka, don Allah."

Rabon da ta ce masa Kaka tun tana 'yar mitsitsiya.

Wani ɗan da'ira a saman allon yana ta cinye kansa, alamar lokaci na tafiya. Ɗan mai diga yana tsaye da hularsa, yana ɗan lilo, bai san me ake ciki ba. Can tsakiyar shago farin zanin ya buɗe tsakanin mata biyu, ya kumbura ya sauko a hankali kamar gajimare. Tsoho ya sake jin sanyin gindin rijiya. A labarinsa akwai wani wuri da yakan bi da sauri, ba don kunya ba, don ba shi da daɗin faɗi. Ranar da ƙasa ta rufta, na sama sun yi ta jan igiyar da ke ƙugunsa, kowane ja yana ƙara zubo masa yashi, har ya ji muryar ubangidansa daga nesa yana cewa a saki. Igiya ta saki. A cikin duhun nan ya ɗauka an bar shi ke nan. Ashe ta gefe suka koma suna tono.

Ya ɗora yatsa a kan ɗan mai diga. Ya ce masa ya yi haƙuri, ta gefe za a zo. Ya ja shi ƙasa. Ɗan guntun ya watse ya zama ƙyalli, irin ƙurar da ke iyo cikin hasken rana. Tsoho ya danna dodon da ƙarfin da ya kusa fasa gilashi.

Bai kalli faɗan sosai ba, idonsa ya yi ruwa, tururi ne. Ya dai ga dutse yana tafiya, abubuwa suna tarwatsewa a gabansa, sannan allon ya yi haske. A wani filin can aka fitar da wani. Saura huɗu. Ya ɗaga wa Uwata yatsu huɗu ta saman tawul. Ta gani ta saman zanin, ta ci gaba da ninkewa, sai dai kusurwar ta kuɓuce mata, Anti ta tambaye ta ko yau hannunta na aro ne.

A zagaye na gaba aka fitar da ita, amma wannan ba komai, ta riga ta shiga.

Da la'asar suka kama hanyar gida, shi da sandarsa, ita riƙe da gwiwar hannunsa, suna tafiyar da ko kunkuru zai wuce su. Ya ce mata ta duba da kyau, zaren jinin da ta tsira da shi, na zagayen da ya ci mata ne, da an ci ta a nan da tuni ta bi sahun na farko. Ta ce da bai taɓa ba da ta sayi dodon tun da wuri, da ita ce ta ɗaya. Ya ce na ɗaya da na huɗu duk ƙofa ɗaya suka shiga. Ta ce Tsohon Rami ba ya taɓa laifi. Ya ce yau dai ta faɗi gaskiya.

Sun kusa kwanar layinsu ya tsaya kamar mai hutar da gwiwa, ya tambaye ta, ba tare da ya dube ta ba, ina waɗanda aka sayar suke zuwa. Ta ce ba sa zuwa ko'ina, komawa suke cikin taro, gobe in an buɗe sabon wasa zai fito da digarsa kamar ba a yi ba.

Tsoho ya gyaɗa kai, ya buga sandarsa a ƙasa.

"Na sani. Irinmu ba ma kwana a rami. Gobe in ya fito ki saye shi, ki kuma ba shi hularsa."